Neman Admin a Birnin Kebbi

Ni ma admin ce, shi ya sa na ɗauka abin mai sauƙi ne. Mu matan da ke gumin shinkafa a unguwarmu a Argungu muna da guruf a waya, kuma ni aka ba riƙo don ni ce na gama sakandare. In wata ta turo abin da bai dace ba, sai in danna in goge. Iyakar sanina da kalmar ke nan.

Bayan girbin rani, kamfanin da ke sayen shinkafarmu yana ɗurawa a buhunansa ya turo mutane daga Birnin Kebbi su ɗauki hoton yadda muke aiki. Ɗiyata Humaira, mai shekara biyu da rabi, tana zaune kan buhu, ta dumbuzi shinkafa hannu biyu tana dariya. Suka ɗauke ta hoto, ban hana ba. Gaskiya ma daɗi na ji, don da hoton ya fito a shafinsu ni da kaina na tura shi guruf.

Mako bai zagayo ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Na kai ta asibiti, aka gwada jini, aka ce na cizon sauro ne. Wanda ke kwana bakin fadama ba zai yi mamakin wannan ba. Amma Laure, ƙanwar maigidana, ta riga ta karanta wa Inna, uwar mijina, abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin hoton. Kowa na cewa kyakkyawa, masu cewa tubarkalla ba su cika yatsun hannu ba.

"Ɗiya ƙarama kun aza ta gaban duniya," in ji Inna. "Baki ai ya hi dahi. Ku tahi a hidda shi."

Ban yi musu da ita ba, ban kuma daina ba yarinya maganinta ba. Ni ba bakin ne ya tayar mini da hankali ba. A cikin rubuce-rubucen akwai wani mutum, ba hoto ba cikakken suna, da ya tambaya har sau biyu wace unguwa yarinyar take. Wata kuma, wai ita mai taimako, ta ba shi amsa daidai.

Na kira lambar kamfanin, ba a ɗauka ba. Na rubuta musu, nan take amsa ta dawo cewa admin zai tuntuɓe ni. Na jira kwana uku. Ran Litinin da safe Baban Humaira ya ce in je da kaina, shi ba zai iya barin injin ban ruwa ba. Na goya ta, don ba ta karɓar magani sai a hannuna, na shiga motar Birnin Kebbi.

Da na ce wa maigadi admin nake nema, sai ya nuna mini ƙofa ta biyu. Na samu wata mata mai suna Rauda a bayan tarin fayil, fanka na kaɗa mata takardu tana danne su da kofin shayi. Ta saurare ni har na gama, ta kuma ba Humaira ruwa. Sannan ta ce lalle ita ce admin, amma ta ofis: takardar hutun ma'aikata, man janareta, kujera in ta karye. Ta ce doguwar kalmar Turanci ce aka gutsure, ma'anarta mai gudanar da abu, kuma kowane abu da nasa. Shafin kamfani bai taɓa shiga hannunta ba.

Na ce to wanda ya amsa mini saƙo fa? Ta yi ɗan murmushin gajiya, ta ce babu kowa a wurin, na'ura ce aka saita, ko gaisuwa aka rubuta amsar ɗaya ce.

Mai riƙe da shafin wani Taufiq ne. Shi ya buɗe shi da adireshinsa lokacin da yake aiki da su, ya bar aiki watan jiya, lambar sirrin kuma tana wurinsa. Rauda ta ce ta gaji da tuna wa manaja a karɓa. Ta rubuta mini kwatancen rumfarsa a bayan wata tsohuwar takarda, ta ce yanzu gyaran waya yake yi a kasuwa.

Rana ta take lokacin da na same shi. Humaira ta fara ƙananan kuka, jikinta ya ɗan yi ɗumi. Taufiq yana sunkuye kan wata waya da ya farke, bai ɗago ba sai da na ambaci kamfanin. Ya yi dariya, ya ce da can ɗan wasa da waya suke ce masa, yau ga shi har daga Argungu ake nemansa. Amma ya ce shi ba ma'aikacinsu ba ne yanzu, in ya taɓa shafin gobe sai a ce ɓarna ya yi. In kawo takarda daga manaja.

Ba ni da ƙarfin komawa. Na buɗe wayata, na nemo tambayar mutumin nan da amsar da aka ba shi, na ajiye masa a kan tebur.

"Malam, karanta wanga. Ɗiyarka ce, kana jiran takarda?"

Ya karanta, ya dubi bayana inda Humaira ta kwantar da kai. Ya share hannu a riga, ya ɗauko tasa wayar, ya kira Rauda ya ce ta zama shaida. Ya danna sau uku ko huɗu, ya juyo mini da fuskar wayar. Hoton ya tafi, da duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Na fara godiya, ya tsayar da ni. Ya ce wanda aka yaɗa daga shafin ya bi shi ya ɓace, amma wanda mutane suka sauke a wayoyinsu yana nan.

"Wannan kam, Maman yarinya, ba ya da admin."

Nan na tuna da namu guruf. Na zauna kan bencinsa na danna hoton da na tura da hannuna. Lokacin gogewa ga kowa ya wuce, sai dai in goge a tawa wayar. Na ɗauki murya na roƙi matan su goge, na ce daga yau ba a turo hoton yaro a guruf ɗin nan, nawa ko na wata. Shida suka amsa. Ɗaya ta ce ta riga ta tura wa 'yar'uwarta a Zauro.

A motar komawa mun wuce Ambursa ina ba Humaira magani, sai matar da ke gefena, wata dattijuwa mai sauka hanyar Gulma, ta yi ta kallonta. Can ta zaro waya daga lalitarta, ta laluba, ta miƙo mini.

"Ba wagga ce ɗiyar shinkafa ba?"

"Awo, Hajiya, ita ce. Don Allah ki ce tubarkalla, sannan ki goge."

Ta ce tubarkalla, Allah shi raya. Ta ce ita ba ta iya gogewa ba, jikarta ce ta sa mata. Na karɓi wayar na goge, na mayar mata. Na gyara wa Humaira hula, na ja mayafi na rufe mata fuska. A kujerar gaba mutum biyu ne, kowa da waya a hannu, ina ta tunanin ko in tambaye su kafin mu isa Argungu.