Mai Rakiyar Ɓargo

Allon sanarwa na filin jirgi ya juya, ya nuna an soke tashin jirginta. Sista ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wasa kake." Da allon take, ba da kowa ba.

Sista tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Shekara talatin tana tsira wa mutane allura, ta yi ritaya, sunan ya biyo ta har gida. Yanzu aikinta rakiyar ɓargo. Idan mai bayarwa yana wata ƙasa, majinyaci yana wata, sai a ɗebo ɓargon a leda, a sa a akwatin sanyi, a danƙa wa mutum ya kai da hannunsa. Ba a sa shi cikin kaya, ba a tura shi na'urar haska jakunkuna, ba a ce wa wani "duba mini ina zuwa". Ko banɗaki tare suke shiga. In za ta yi sallah, ɗaure igiyarsa take a idon sawunta.

Wannan karon saura awa goma sha ɗaya ɓargon ya fara lalacewa, tafiyar da ta rage kuma awa bakwai ce. Majinyacin ba ta san sunansa ba, haka dokar aikin take. Ta dai san likitoci sun riga sun kashe nasa ɓargon da magani don a dasa wannan. In bai isa ba, shi ke nan.

Wayarta ta yi ƙara. Ƙanwarta ce.

"Yaya, kin sauka?"

"Ina fa! Ina tsakiyar hanya, sun soke jirgin."

"Ai na faɗa miki. Mace da ciwon gwiwa, kin mai da sararin sama tsakar gidanki. Ki dawo ki taya ni renon jikoki mana."

"Ke dai riƙe jikokinki, masu fasa mini kofuna."

"To Yaya, ki yi addu'a."

Sista ta kashe wayar. Nan ne ciwon yake, ƙanwar ma ta sani. Ɗa guda Allah ya ba Sista, mai ciwon sikila. An nemi wanda ɓargonsa zai dace da nasa har aka gaji, ya rasu yana da shekara goma sha tara. Tun ranar, sallah ba ta wuce ta, amma tana sallamewa take naɗe darduma. Fushi take, fushi na gaske, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Ta daina roƙon Allah, ta daina roƙon mutane, ko ashana ba ta aro a maƙwabta. Aikin nan ma ta karɓe shi ne don gidan ya yi mata faɗi. Ƙasa goma sha huɗu ta taka, kowace tafiya kuma sai ta tuna wani can ya kwanta an huda masa ƙugu saboda mutumin da bai taɓa gani ba. Abin yana ta cin ta a rai, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Ta nufi kantar kamfanin jirgin, ta shimfiɗa takardunta gaban yarinyar da ke sayar da tikiti.

"'Yata, akwai wani jirgin?"

"Akwai guda, Mama, nan da awa ɗaya. Amma ya cika maƙil."

"Ki duba dai."

"Na duba sau uku. Sai dai in wani ya bar miki kujerarsa, ni kuwa ba ni da ikon tilasta kowa."

Sista ta kira ofishinsu, suka ce suna ƙoƙari. Ƙoƙari! Ta san irin wannan ƙoƙarin, da bakinta ta sha faɗa wa iyaye shi. Ta juya ta dubi zauren. Mutum kusan ɗari biyu, kowa da jakarsa da uzurinsa, ba wanda ya yi kama da ita, yawancinsu ko yaren da take aiki da shi ba sa ji.

Ta ce a hankali, "Ya Allah, na daɗe ban tambaye Ka komai ba, Ka fi ni sani. Yau ina tambaya." Muryar ta fito a dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Sai ta dafa kantar, ta taka bencin ƙarfe da gwiwar nan mai ciwo, ta haye. Wallahi kunya kamar ta kashe ta. Ta ɗaga akwatin sama.

"Jama'a, ku saurare ni! A cikin nan akwai ran mutum. Ban san shi ba, ku ma ba ku san shi ba. In ban hau jirgin nan ba zai mutu. Ina roƙon kujera ɗaya."

Wasu suka sunkuyar da kai kan wayoyinsu, wani ma ya ɗauke ta hoto, marar ta-ido. Mai gadi ya taho yana yi mata alamar ta sauko. Ta ce ba inda za ta, ta sake maimaita roƙonta.

Wata mai shara da ke goge ƙasa ta jingine sandarta, ta zo ta tsaya gefen bencin. Ita ta fahimta. Ta buɗe murya ta juya maganar da yaren garin, da faɗa-faɗa, tana nuna mutane da yatsa kamar 'ya'yan cikinta. Me ta ƙara a ciki, Sista ba ta sani ba, amma maganar ta fi tata tsawo sau uku.

Hannu ya tashi can baya. Sai wani, sai wani. Har aka fara gardamar wanda zai bayar. Wani ƙato mai zane a fatar wuyansa ya ture sauran, ya dangwarar da tikitinsa a kan kantar, ya koma ya zauna yana cin biskit ɗinsa, ko kallonta bai yi ba.

Da hantsin washegari ta isa asibitin, saura awa biyu. Likita ya duba ma'aunin sanyi, ya sa hannu a takarda, aka shige da ledar. Sista ta fito da akwati wayam, ƙafarta ta kumbura har takalmin ya matse ta.

A barandar sashen akwai wata mata zaune ita kaɗai, ta rungume rigar sanyin yaro, idonta a kan ƙofa. Ko uwar majinyacin ce? Oho. Ɗakuna takwas ne a sashen, kuma doka ta hana Sista tambaya ko faɗa. Motar da za ta mayar da ita masauki tana jira a waje.

Matar ta dubi akwatin, ta dubi Sista. Sista ta aika wa direba saƙo ya tafi abinsa. Ta zauna kusa da ita, ta cire takalmin, ta kama hannun matar ta riƙe gam.