Dinya a Shinkafar Kalli

Madu mai hoto, wanda shagonsa ke bakin tashar jirgin ƙasa a Nguru, mutum ne da idan ya yi fushi har kunnuwansa rawa suke yi. To, a shekarar tamanin da shida an ga rawar kunne.

Wata maɗaba'a ce a Kano ke neman hoton tsuntsayen fadama don kalanda. Shi kuwa Madu ya gaji da hoton fasfo da na jarirai ranar suna, yana son ya ga sunansa a bangon gidajen mutane. Sai dai gilashin kyamararsa gajere ne, na ɗaukar wanda ke zaune a gabanka yana gyara hula. Sai abokinsa Babakura, ma'aikacin jirgi, ya aro masa wani dogon gilashi kamar taɓarya, mai jawo abin da ke nesa har gaban hancinka. Sharaɗi ɗaya: ranar Alhamis gilashin zai bi jirgi ya koma wurin mai shi.

Madu ya hau a-kori-kura zuwa Gashuwa, rungume da gilashin a cikin zanen matarsa, ya zarce Dagona gidan Kalli, mijin yayarsa Asta. Kalli manomin shinkafa ne, yana da kwalekwale, yana kuma da baki.

"Wannan bindigar fa?" in ji Kalli.

"Gilashi ne, Yaya Kalli. Kada ka taɓa."

"Au, agwagin ma sun fara neman fasfo? Makka za su?"

Ranar Laraba da sassafe suka shiga ruwa. Duk masuncin da suka gamu da shi sai Kalli ya ɗaga murya ya tambayi gida da yara da gajiya, tsuntsaye na tashi fir, Madu na cizon leɓe.

"Yaya Kalli, don girman Allah ka rufe bakinka!"

"In wuce mutum ba gaisuwa? A Nguru haka kuke?"

Da ƙyar suka sami tudu. Madu ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya ɗaura dogon gilashin. Haske bai yi ƙarfi ba tukuna, don haka ya buɗe ƙofar haske iyakarta, ya rage saurin ƙyaftawar kyamarar. Ya san sarai abin da hakan ke nufi: tsuntsun da ke tsaye zai fito tas, wanda ya motsa kuwa sai dai inuwarsa. Fim ɗin kala kuma ƙwaya ɗaya gare shi, ya riga ya ɓata fiye da rabi a kan wutsiyoyin da gaisuwar Kalli ta kora.

Can sai ga dinya, manyan agwagin dajin nan baƙaƙe masu farin ciki, garke guda, suka sauka a wata gona. Rana ta fara taɓa fukafukansu. Madu ya ɗauke numfashi yana murza gilashi a hankali, har ya ga jan bakin babbar cikinsu kamar ya miƙa hannu ya shafa.

Abin da Madu bai tambaya ba, gonar ta wa ce. Ta Kalli ce, shinkafar kuma ta nuna.

Kwaram! Kwaram! Kalli ya riga ya zaro tsohuwar garwa daga kwalekwale yana jibga da sanda, yana gudu cikin taɓo. "Kai! Kai! 'Yan banza! Ubanku ne ya shuka?"

Madu ya danna, ya sake dannawa, amma ina! Sama ta cika da fukafukai.

"Ka kashe ni! Kalli, ka kashe ni!" Ko "Yaya" ɗin da yake ce masa ma ya yar. "Ƙyaftawa ɗaya nake nema!"

"A ƙyaftawa ɗayan nan za su cinye tuwon yayarka! Kalanda za mu dafa?"

"Gobe gilashin nan zai bar garin!"

"Ya gaida mutanen Kano!"

Kalli ya tsaya a tsakiyar gona yana haki, baki buɗe, garwa a hannu, taɓo har gwiwa. Tsaye cak, irin yadda kyamarar ke so. Hoto ɗaya ya rage a fim. Madu ya juya taɓaryar nan kan Kalli, ya murza, ya danna.

Da fim ya dawo daga wanki, tsuntsayen duk sun zama shafe-shafe kamar an zubar da miyar kuka a takarda. Kalanda ta wuce Madu, gilashi ya daɗe da komawa. Amma Kalli, wayyo! Ya fito har giɓinsa, har ƙudan da ke kan hularsa.

Madu ya sa aka faɗaɗa hoton, ya rataye a ƙofar shago, daidai inda fasinjojin jirgi ke wucewa. Ranar kasuwa Kalli ya zo Nguru sayar da shinkafar da ya ceto, ya tarar da 'yan dako sun taru suna dariya har da riƙe ciki.

"Madu, sauke abin nan!"

Madu bai ko ɗago daga goge kyamararsa ba. "Kawo mini dinyata, in sauke."

Asta ta yi ta aike, ta yi ta rarrashi. Hoton nan yana nan rataye har rana ta cinye kalarsa.