Garwashin Abdulbaƙi

Tun kafin azahar ƙamshin ya sauko wa Usaini ta taga, kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta. Ya tsaya da wuƙa a hannu, ransa ya ɓaci. Abdulbaƙi ya hura wutarsa ke nan a saman bene.

Su biyun ɗalibai ne a ƙasar waje, gida ɗaya suke haya a unguwar Setapak. Da korona ta zo aka kulle gari, tallafin karatu ya tsaya cak, sai Usaini ya koma sana'ar gidansu, tsire. Shi ya fara, wallahi shi ya fara. Wata uku cur 'yan Najeriyar unguwar ba su san wani mai nama ba sai shi. Kwatsam sai ga Abdulbaƙi, wanda ko tsinke bai iya riƙewa ba, ya dawo da buhu shida na itace. Wani gidan gashi da yake yi wa wanke-wanke a Sri Petaling aka rufe, maigidan ya sallame shi da su.

Itacen pikan ne, in ji shi, wata bishiyar Amurka mai 'ya'ya kamar gyaɗa. Ranar Usaini har da riƙe ciki don dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba. Itacen robar da shi yake hurawa ci yake bal-bal, ya zama toka nama bai nuna ba. Na Abdulbaƙi kuwa ga nauyi, ya bushe ƙayau, ba tartsatsi, ba baƙin hayaƙi. Guntu uku sun isa su yi garwashin da zai kai la'asar da zafinsa, ƙamshin kuma ya ratsa har cikin tsoka.

Charles, wanda bai taɓa tsallake Juma'a bai sayi tsiren Usaini ba, shi ma ya zame. "Oga, ba wai naka ba daɗi ba ne," ya ce a waya. "Madam ce ta ce na sama take so."

"Mutumina, ɗauki buhu ɗaya mana," Abdulbaƙi ya ce da shi a matakala. "Ni ban iya yaji irin naka ba. Mu haɗa hannu."

"Allah Ya amfana," in ji Usaini. "Ni da hannu nake gashi, ba da itacen Turawa ba."

Hassada ce, kuma ya san ita ce. Ko yawu ya haɗiya sai ya ji ɗacinta.

* * *

Ranar Laraba ya kira lambar hukuma da aka manna a bakin ƙofar gida. Ya ce ana hura wuta a saman bene, ana tara mutane ba takunkumi. Ta biyun ƙarya ce tsagwaronta. Shi dai a kashe wutar, abin da ya yi ta faɗa wa kansa ke nan. Bizar Abdulbaƙi ta ƙare tun wata huɗu, da bakinsa ya gaya masa, amma Usaini ya ƙi bari ya tuna.

Jami'an da suka zo da hantsi ba su ko kalli murhu ba. Fasfo suka tambaya. Ta bayan labule Usaini ya ga an tusa ƙeyar abokinsa cikin mota, hannayensa jawur da yaji.

* * *

Cikin mako guda masu saye suka dawo, har da Charles. Buhunan na nan a saman bene ƙarƙashin tamfol. Ruwan sama zai lalata su a banza, in ji zuciyar Usaini. Ya zaro guntu uku ya hura.

Naman ya fara tsatsar da mai ke nan sai ya ji gudu a matakala. Nuriyya ce, matar Abdulbaƙi, da tsohon cikinta, ƙafa ba takalmi, tana haki. Ta dubi murhun, ta dubi kowane lungu na saman benen, sannan ta dube shi.

"Au, Malam Usaini, kai ne," ta ce a hankali. "Ƙamshin na ji. Na ɗauka an sako shi."

Usaini ya ci gaba da fifita wutar.

"Yi aikinka da itacen, gara kai da wani bare." Ta dafa bango za ta juya. "Amma daina yi masa fifita. Ya ce itacen nan ba ya son gaggawa, shi kaɗai yake ci."

Ta sauka tana jan ƙafa. Usaini ya ajiye mafici, ya kwashe naman, ya zauna a kan bokiti. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, bai ɗauka ba. Har lokacin la'asar ya shiga, garwashin na nan jawur, ya ƙi mutuwa.