Rigar Sanyin Mastura

Kassimu ya ja ƙofar ɗakin sanyin, ya waiga ya ga ko kafilinsa, wato ubangidansa, na kallo.

"Yalla, Baba Mato, shiga da sauri. In aka gan mu, halas, aikina ya tafi."

Mato ya kutsa tsakanin kwalayen daskararrun kaji, sanye da doguwar rigar mata. Ɗinkin hannunsa ce, barguna biyu ya yanka ya cusa auduga a tsakani. Tela ne a unguwar Sharafiyya. Tun da ya zo umra daga Damagaram bai koma ba, kuma duk tsawon zamansa a Jidda bai taɓa ɗinka wa sanyi komai ba. Shi ya sa ya hau mota har unguwar Khumra da tsakar rana, yana gumi, don ya gwada rigar a kamfanin da Kassimu ke dako.

Gobe 'yarsa tilo, Mastura, za ta bi mijinta Finland. Tun rasuwar uwarta su biyu suka rage.

Kwanakin baya ita ta kawo masa taswira shago, ta ɗora yatsa can ƙuryar sama, inda takarda ta kusa ƙarewa.

"Baba, ka ga, duk daji ne da tafkuna. Mutanen ƙasar kaf miliyan biyar ne da 'yan kai. Da hunturu kuma rana leƙowa kawai take yi, ya'ani ta gaisa ta koma."

"To wa zai amsa miki sallama a wannan daji?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, balle fasfo mai rai. Ya san ƙafarsa ba za ta taɓa taka ƙasar nan ba.

Da farko sanyin daɗi ya yi masa. Can sai ya fara cizon kunnuwa, ya bi ta ɗinkin kafaɗa, ya shige ta hannun riga kamar gidan ubansa. Yatsun da suka yi mako suna fama da allura suka ƙi lanƙwasuwa. Tun kafin haƙoransa su soma kaɗawa Mato ya gane aikinsa bai yi ba. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya.

Kassimu ya buɗe ƙofa. "Yaya, ta riƙe?"

"Can ɗin ya kai nan sanyi?"

Kassimu ya sosa ƙeya. "An ce yakan fi, Baba. Ka fito haka nan, can za ta sayi irin tasu."

Mato ya dubi farin tururin da ke fita daga bakinsa. Ashe haka numfashinta zai riƙa yi, ba wanda ya san sunan uwarta a kusa. Ya gyara wuyan rigar, ya zauna a kan kwali.

"Rufe, ka ba ni ɗan lokaci," ya ce. "Iyakar rakiyar da zan iya yi mata ke nan."