Sikeli Huɗu a Ƙarƙashin Taya

"Kar ki motsa, Safina," in ji Malam Idirisu, malamin kanikanci, yana durƙushe yana karanta sikeli.

Tana zaune cikin 'yar motar tseren da ajinsu ya ƙera, kowace taya a kan nata sikelin, irin wanda ake hawa a asibiti. Wata uku tana koyon tuƙinta a filin bayan makaranta, kuma ita aka zaɓa ta tuƙa a gasar ranar Asabar a nan Dutse. Abin da ya rage a daidaita nauyi, don idan taya ɗaya ta fi sauran ɗaukar kaya, motar ba za ta sha kwana daidai ba.

"Tayar baya ta hagu ta fi da kilo shida," in ji Malam.

Aka matsar da kujera, aka sake awo. Shida dai.

"Malam, ba fa motar ba ce," in ji Abdulkahar, wanda tun farko shi ya so tuƙin. "Direbar ce a karkace. Duk tuwon da take ci gefe ɗaya yake sauka."

Aji ya kwashe da dariya. Har Zuwaira ƙawarta sai da ta toshe baki da hijabi.

"Wallahi a daidai nake zaune, Malam."

"To ni ne maƙaryacin? Sauko."

Ta sauko. Abdulkahar ya shige ya baje. Malam ya leƙa sikelin.

"Biyar. Kun ga har an fara samun sauƙi. Ku ɗaura ƙarfe a gaba ta dama ya cike sauran. Kai za ka tuƙa."

Safina ta koma jikin bango ta fasa ledar ruwa da haƙori. Ledar ta yage, rabin ruwan ya zube. Tana kallo ya miƙe a kan siminti, ya bi ta ƙarƙashin motar, ya je ya taru a gindin tayar baya ta hagu. Ashe daɓen ne a karkace. A filin gasa kuwa ƙasa a miƙe take, ƙarfen da suke ɗaurawa shi zai fizge motar a kwanar farko.

Ta buɗe baki za ta faɗa musu.

"Ke, Mai-gefe-ɗaya," in ji Abdulkahar daga cikin kujerarta, "miƙo musu sifana mana."

Ta sa takalmi ta murje sawun ruwan. Sannan ta ɗauko sifanar, ta miƙa da hannu biyu.