Igiyar Saniyar Sisip

"Ɗaga masa kai mana, Piyesis, romon nan a wuyansa yake ƙarewa!" na ce wa matar Sisip.

Ni na kai wa maƙwabcina Sisip romon zomon da ciwo ya kwantar da shi, amma kada kowa ya yaba mini. Kwano na hannuna, idona na kan taga, inda jar saniyarsa ke tuƙa abinta, hantsa kamar ta taɓa ƙasa.

Tun shekarar tawaye nake kallon saniyar nan. Da yunwa ta ishe mu, mazanmu suka ɗauki bindiga, mijina Mahikan yana gaba. Sisip kuwa sai ya kwashi matar Baturen gona, wanda hukuma ta ɗora a kanmu, da 'ya'yanta a amalanken doki ya kai su barikin soja. Da abu ya lafa, hukuma ta raba mu biyu, masu biyayya da 'yan tawaye. Mu aka ƙwace mana doki da bindiga, aka jefa Mahikan kurkuku, ya dawo da tarin da ya kashe shi. Sisip aka ba shi bargo da ganyen shayi da saniya. Saniya fa! Don kawai ya kora doki.

Kullum safiya daga ƙofata nake jin nono na sauka a bokitin matarsa Piyesis, zuciyata ta yi ta tafasa. Takan kawo mini kofi guda, in yi godiya, in shanye kamar magani. Shekarar da ƙanƙara ta rufe mu har muka dafa fatar takalmi, bai yanka saniyar ba. Na ce kai, wannan tsoho akwai rowa.

Sisip ya buɗe ido ya dube ni.

"Maƙwabciya, ni kika zo dubawa ko ita?"

"Kai dai sha romonka, Baba."

"Kallonta duk ya ramar da ke." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Piyesis, in na tafi ki ba ta igiyar. In ta iya riƙewa."

Washegari da hantsi ya cika. Muka rufe shi a kan tudu, naɗe cikin bargon nasa na lada. A wurinmu mai takaba ba ta riƙe komai, don haka Piyesis ta datse gashinta, ta fito da kaya tana rabawa: gatari, shimfiɗa, har butar shayi. Daga ƙarshe ta sa mini igiya a hannu. Ba zan ɓoye ba, ana kuka ni ina jin daɗi.

Ban kai ƙofata ba Baturen gona ya tare ni a kan dokinsa.

"Ina za ki da ita?"

"Gida. Tawa ce, ba ni aka yi."

Ya sauko, ya shafa gashin cinyarta baya, ya nuna mini tabon ƙarfen wuta. "Ta hukuma ce. Aro aka ba shi muddin ransa. Ke ba matar Mahikan ba ce?"

Piyesis da ta biyo bayana ta ce, "Haba Bature, matarka fa ya tsirar."

"Shi ya sa ya sha nono."

Ya kwance igiyar ya miƙo mini, ya ɗaura tasa. Saniyar ta bi shi ko waiwaye babu. Kunya dai, har a lokacin tunanin da nake yi shi ne gidan wa za a kai ta.

"Shekarar ƙanƙarar nan ya je roƙon hukuma ta bar shi ya yanka mana ita," in ji Piyesis, ba ta dube ni ba. "Korar kare suka yi masa."

Na ce, "Taho mu sha shayi, tunda kin kyautar da butarki."

Muka sha shi baƙi. Igiyar na rataye ta a ƙusar da bindigar Mahikan take a da, har yanzu da jan gashi a jikinta.