Reshen Ƙaya a Kujerar Baya

Kowace Asabar da sassafe Sakhile Mbanjwa yakan gaya wa mahaifiyarsa cewa an sa shi aiki a kamfanin sukari. Mahaifiyar tasa, MaZondi, takan ƙulle masa burodi da soyayyen ƙwai ta sa masa albarka, shi kuwa ya hau mota ya sauka a dam. Dam ɗin nan shi ya cinye ƙanensa Velaphi, ranar da iska ta kifar da jirginsu na kamun kifi kusa da wata busasshiyar itaciya da ke tsaye a tsakiyar ruwa.

Da farko kallo kawai yake zuwa yi. Ya tsaya a baki ya ƙura wa itaciyar ido har rana ta yi zafi. A nan Kesavan ya lura da shi, wani tsohon malamin makaranta ɗan kulob ɗin masu tuƙa kwale-kwale.

"Ɗan'uwa, kai ne sabon maigadin ruwan?" in ji Kesavan. "Kullum kana tsaye kamar zalɓe. Zo riƙe min filafilin nan."

Sakhile ya karɓa, ya ce wa kansa zai koya ne don wata rana ya isa itaciyar da hannunsa. A kulob ɗin duk wanda ya kife shi ke wanke kofunan shayi, don haka ya kwashe lokacin sanyi kaf yana wanke-wanke, har suka raɗa masa suna Mai-wanka. Kafin ruwan sama ya dawo hannunsa ya faɗa. Ya san yadda ake juya ƙugu, ya san yadda ake taka sandar linzami da ƙafa. Amma itaciyar bai je ba. In ayari ya zo daidai da ita sai ya kau da kai.

Ƙaryar da yake wa tsohuwa tana damunsa, amma akwai abin da ya fi ta ci masa rai. Wata safiya ya wuce Kesavan a guje, sai ya ji wani yana ƙyalƙyala dariya a kan ruwa, ashe shi kansa ne ke dariyar, ga itaciyar nan dab da kafaɗarsa. Da a ce wahala yake sha a dam ɗin, da ya kira ta makoki ya huta. Daɗi yake ji. Ya juya maganar ta kowace fuska bai sami inda ta zama laifi ba, bai kuma sami inda zai iya faɗar ta a gida ba. A kulob ma bai taɓa ambaton cewa yana da ƙane ba.

Da shekara ta kusa zagayowa, MaZondi ta aika aka kira Baffa Zwelakhe, ƙanen mijinta marigayi, don a shirya yankan da ake yi na maido da kurwar mamaci cikin gida.

"Yaron nan bai baro ruwa ba," in ji ta. "Duk sanda na gan shi a mafarki, a jiƙe yake yana rawar ɗari."

"Haba MaZondi, ai na je dam ɗin na kira kurwarsa kafin a rufe shi."

"Daga bakin ruwa ka tsaya, da takalminka a ƙafa. A bakin ruwa ya faɗi?"

Baffa ya sosa ƙeya. "To ni da gwiwar nan, a me zan shiga? A kwanon wanki?"

Sakhile ya dubi tafin hannunsa da ya yi kanta, ya kife shi a cinya.

"Akwai wani da na sani a wurin aiki," ya ce. "Yana da ɗan kwale-kwale. Ya taɓa nuna min sau ɗaya ko biyu. Zan gwada."

Ranar da ya gaya wa Kesavan komai, tsohon bai yi wasa ba. Ya daɗe yana goge tabarau.

"Shekara guda ina ja maka kunne a kan gwiwar hannu, ashe ga abin da kake ɗauke da shi. To, mu ɗauki kwale-kwale mai mutum biyu. Kai gaba, ni baya."

"Kujerar baya ta Velaphi ce, Malam. Ko a motar haya sai an bar masa wurin zama."

"Mai mutum biyu kai kaɗai? Hancinsa zai nutse, gindinsa ya yi ta rawa." Ya mai da tabarau. "Zan bi ka a nawa."

"Kuma a gaban Mama, ba ka san ni sosai ba."

Kesavan ya dube shi. "Bakina zan iya rufewa, Mai-wanka. Hannunka fa?"

Ranar ta zo da gajimare. MaZondi ta zauna a kan tabarma a bakin dam cikin mayafinta, Baffa ya miƙa wa Sakhile reshen magaryar kura da ya saro da safe, wanda da shi ake ɗauko kurwar mamaci, ya sake tuna masa dokar: in ya ɗauko yaron, ba waiwaye, ba magana da mai rai har sai an shiga gida. Komai za a yi, a gaya wa reshen.

Sakhile ya shiga kwale-kwalen yana tangaɗi da gangan. Ya riƙe filafili a karkace, ya yi ta fantsala ruwa kamar baƙo, yana jin idon uwarsa a gadon bayansa. Kunyar wannan wasan ta fi duk wadda ya taɓa ji, amma ya ci gaba da shi har ya isa.

Itaciyar ta fi yadda yake zato ƙanƙanta. Kashin tsuntsaye ya yi mata fari. Ya taɓa ruwa da reshen, ya kira ƙanensa.

"Velaphi, ni ne yayanka. Na zo tafiya da kai gida. Taso ka hau, ga kujerarka."

Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juya ba, ya ajiye reshen a kujerar.

Suna juyowa iskar ta taso, irin wadda ke gangarowa daga duwatsu ba sallama. Igiyar ruwa ta fara dukan jirgin ta gefe, gindinsa mara nauyi yana wutsil-wutsil. Sakhile ya gane cewa in ya ƙara tangaɗin ƙarya ko sau ɗaya za su kife, ya sake zubar da ƙanensa a inda ya ɗauko shi. Ya gyara zama. Ya taka linzami ya sa hancin jirgin cikin iska, ya kafa filafili, ƙugunsa ya ɗauki aikin da ya saba.

"Riƙe da kyau, ga babba nan tafe. Mun haye ta. Yanzu za mu yi hagu, Velaphi, kada ka tsorata."

Jirgin ya miƙe yana yanka ruwa. Abin takaicin, a tsakiyar wannan aikin ma jikinsa ya ji daɗin nan da ya sani, bai tambaye shi izini ba. Ya bar Kesavan can baya. Ya shigo gaɓa a hankali, ya dira ƙafa ɗaya a ruwa ya tsai da jirgin cak a gaban tabarmar uwarsa.

Baffa ya buɗe baki, ya tuna doka, ya rufe. A mota aka bar wa reshen kujerarsa. Sakhile ya yi ta gaya masa gada da kwana da kasuwa, yana godiya a ransa da aka hana shi magana da kowa.

Sai da aka soke reshen a saman ƙofar ɗakin kakanni, aka yanka akuya, mutane suka koma kan nama, sannan MaZondi ta kira shi bayan gida. Ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ta shafa kantar da babban yatsa.

"Sau ɗaya ko biyu, ka ce."

"Tun bayan wata guda da rufe shi, Mama."

"Burodina ma can yake zuwa?"

"Can yake zuwa."

"Kana zuwa wurinsa, inda ya faɗi?"

"Yau ne na farko."

Ta saki hannun. Ta dubi hayaƙin da ke tashi daga wajen gashi.

"To me kake yi a can duk shekara?"

"Daɗi nake ji, Mama."

"Na gani. Tun daga nesa na gani a kafaɗunka." Ta gyara mayafi. "Ka kawo min ɗana a bushe, wannan ba zan manta ba. Ɗayar maganar kuma, ta daɗin nan, ka ba ni lokaci."

Ta fara tafiya, sai ta tsaya.

"Ran Asabar in za ka fita, ka ce min dam za ka. Shi dai ba ya can yanzu, kada ka ce don shi."

Sakhile ya tsaya a wurin har Baffa ya leƙo yana tambaya ko gwanin ruwa zai zo ya raba nama, ko sai an kawo masa jirgi.